Doki da Mahayinsa: Tarihin Hawan Iska da Ciwon Rarrabuwar Kai a Ƙasar Kano

Gabatarwa

Garin Wudil yana bakin kogi, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a kan babbar hanyar da ta nufi Maiduguri. An fi saninsa da kasuwar shanu ta ranar Juma'a, amma a zamanin nan ya zama garin makarantu, domin akwai kwalejin horar da jami'an 'yan sanda, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Ɗaliban da suke fita daga irin waɗannan makarantu su ne malamai da 'yan sanda da ma'aikatan hukuma na gobe, kuma da wuya ɗayansu ya gama aikinsa bai ci karo da al'amarin da wannan lacca za ta duba ba.

A ɗauka wata yarinya 'yar shekara 15 tana zaune a aji, sai ta yanke jiki ta faɗi. Da ta buɗe ido sai ta yi magana da muryar namiji, ta ce ita ba wance ba ce, ta faɗi wani suna dabam, ta zagi malamar da kullum take girmamawa. Bayan rabin sa'a ta farfaɗo, ba ta tuna kome ba. Kakarta za ta ce iska ce ta hau ta. Liman zai ce shafar aljani ce. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa zai so ya san ko farfaɗiya ce, ko kuwa abin da ake kira ciwon rarrabuwar kai, watau halin da mutum guda yake bayyana da siga biyu ko fiye, kowace da muryarta da ɗabi'arta, wani lokaci har da sunanta.

Kowace daga cikin amsoshin nan uku tana da tarihi a ƙasar Kano. Manufar wannan lacca ita ce ta bi tarihin, domin ta nuna cewa an daɗe ana ƙwarewa wajen tambayar wanda ya hau, amma ba a cika tambayar abin da ya sami wadda aka hau ba.

Bori da tsarinsa

Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda yake zaune a kan dutsen Dala, yana shiga wurin Tsumburbura ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai auku. Musulunci ya shiga fadar Kano a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, amma imani da iskoki bai gushe ba, sai ya zauna tare da sabon addini, har shugaban iskokin bori ya zama ana kiransa Sarkin Aljan Sulemanu.

Bayanin da ya fi cika game da borin wannan yanki shi ne na Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a Kano da Ningi, garin da matafiyi daga Kano yake ratsa Wudil kafin ya kai shi, ya kuma buga littafinsa a 1983. Bisa ga abin da 'yan bori suka gaya masa, iskoki suna zaune a wani birni da ba a gani mai suna Jangare, an kasa su gida 12, da sarakuna da bayi da maƙera da mahauta, tamkar dai birnin Hausa. Kowane iska yana da halinsa da kowa ya sani. Malam Alhaji tsoho ne mai tasbaha da tari. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da almubazzaranci. Sarkin Rafi mai ƙarfi ne da haukan fushi, mazauninsa kuwa ruwa. Kuturu yana naɗe yatsu yana korar ƙuda. Inna ita ce ake danganta wa shanyewar gaɓa, abin da ya sa har yau ake kiran cutar da take gurgunta yara da sunan shan inna.

Kalmomin da 'yan bori suke amfani da su abin lura ne ƙwarai. Namijin da iska take hawa doki ne, mace kuwa goɗiya. Iska tana hawa, tana sauka. Muddin mahayi yana bisa, duk abin da aka faɗa ko aka aikata nasa ne, ba a kama doki da laifinsa, shi kuma doki yakan ce bai san abin da ya gudana ba. Wannan siffa ta ƙunshi abubuwa biyun da likitocin zamani suke nema, watau sauyawar siga da giɓin tunani.

Sai dai hawan bori yana da ƙa'ida. Yawanci mutum yakan shiga ne ta hanyar ciwon da ya ƙi jin magani, sa'an nan a yi masa girka, wadda takan ɗauki kwana bakwai, a keɓe shi, a ba shi magani, a koya masa yadda zai ɗauki iskarsa. Daga nan iska ba ta zuwa sai an kira ta da garaya ko goge ko kiɗan ƙwarya, da taken da aka san nata ne, a gaban Sarkin Bori ko Magajiya, da mataimakan da suke sa wa doki kayan iskarsa suna kuma tsare shi kada ya ji rauni. In an gama, sai ya yi atishawa, iska ta sauka, ya koma harkarsa. A taƙaice, girka takan mai da faɗuwar da ba ta da lokaci ta zama hawa mai lokaci da wuri da iyaka.

Iskokin kansu suna bin tarihi. A 1925, a yankin Filinge na ƙasar Nijar, wasu sababbin iskoki suka bayyana masu kwaikwayon sojoji da hafsoshin Faransa, waɗanda Hausawan can suke kira Babule, har hukumar mulkin mallaka ta kama mabiyansu ta tsare. Wannan ya nuna cewa sigar da take fitowa daga bakin wanda aka hau tana ɗebo kayanta ne daga abin da jama'a suke gani, suke tsoro, ko suke sha'awa a zamaninsu.

Jihadi da mulkin Turawa

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara a 1804, ya ɗauki bori a matsayin shirka. Ƙasar Wudil tana da hannu a wannan sauyi, domin Joɓawa na Utai, a ƙarƙashin Malam Bakatsine, suna cikin waɗanda suka yaƙi Sarkin Kano Alwali har mulkinsa ya faɗi a 1807, kuma daga zuriyarsu ake naɗa Makaman Kano, wanda ya daɗe yana riƙe da gundumar Wudil. Bori ya rasa matsayinsa a fada. A Gobir, alal misali, Inna, wadda 'yar gidan sarauta ce, ita ce shugabar 'yan bori, tana da ƙarfin faɗa a ji a cikin mulki.

Shugabannin jihadi sun gane cewa hani kaɗai ba ya warkar da mai ciwo. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru domin ilmantar da matan karkara, ta naɗa musu jajis, watau jagorori mata, ta ba su malfa irin wadda aka san Inna da ita. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan a kan magani da ayoyin Alƙur'ani. Ta haka aka ba mata wata ƙofa ta neman sauƙi a madadin girka. Duk da haka bori bai mutu ba, sai ya koma cikin gidaje da gidajen Magajiya da ƙauyukan Maguzawa.

Ya kamata a tuna cewa malaman Musulunci tun da daɗewa ba su mai da kowace faɗuwa aikin aljani ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kasa farfaɗiya kashi biyu a cikin Zadul Ma'ad, ɗaya ya danganta ta ga miyagun ruhohi, ɗayar kuwa ga gurɓacewar sinadaran jiki, wadda ya ce ita ce likitoci suke magana a kan dalilinta da maganinta. Saboda haka kai marar lafiya asibiti bai saɓa wa abin da magabata suka rubuta ba.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, wasu daga cikinsu sun rubuta abin da suka gani. A. J. N. Tremearne ya buga littafi a kan bori a 1914, bayan ya bi Hausawa mazauna Tunis da Tarabulus, inda ya tarar sun tafi da iskokinsu. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 da 1939, littafinsa ya fito a 1946. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin yadda matan aure na ƙasar Zazzau suke hulɗa da bori, aka buga a 1954. Ta fuskar doka kuwa, abin da mulkin mallaka ya kawo shi ne dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, kuma manufarta tsarewa ce fiye da warkarwa. Wanda ya sauya wannan tunani shi ne Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara ajiye marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, yana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya.

Yadda likitoci suka sa wa ciwon suna

A Turai ma hawan iska aka fara kiran wannan hali kafin likitoci su karɓe shi. Pierre Janet na Faransa, a littafinsa na 1889, ya bayyana cewa tsananin firgita yana iya sa wani sashe na tunanin mutum ya ɓalle daga sauran, ya ci gaba da aiki shi kaɗai ba da sanin mai shi ba. A 1906 Morton Prince na Amurka ya buga labarin wata marar lafiya mai sigogi da dama. Amma abin ya kasance da ƙaranci ainun, domin a 1944 wasu masu bincike biyu, Taylor da Martin, sun ƙirga duk waɗanda aka taɓa rubuta labarinsu, suka sami mutum 76 kacal.

Sai ga littafin Sybil ya fito a 1973, yana ba da labarin wata mata mai siga 16, aka mai da shi fim a 1976. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba ciwon matsayi na kansa a kundinta na DSM, kafin a yi shekara goma kuwa waɗanda aka ce suna da shi sun kai dubbai, yawan sigogin da ake samu a jikin mutum guda ma ya yi ta hauhawa. Wannan ya raba kan masana. Wasu suka ce da ma ciwon yana nan, ganewa ce ba a yi ba. Wasu, irin su Nicholas Spanos, suka ce likitan da ya sa rai zai sami sigogi, yana kiransu yana tambayar sunayensu, shi ne yake koya wa marar lafiya yadda zai fito da su. A 2011 Debbie Nathan ta buga bincike a kan takardun da suka shafi Sybil, ta nuna irin rawar da magunguna masu gusar da hankali da tambayoyi masu jan baki suka taka a cikin labarin.

A 1994 aka sake wa ciwon suna, domin a nuna cewa mutum ɗaya ne wanda sassan kansa suka kasa haɗuwa, ba taron mutane ne a jiki guda ba. Kundin DSM na 2013 ya kafa sharuɗɗa biyar: a sami siga biyu ko fiye, waɗanda a wasu al'ummomi ake bayyana su da hawan iska, a sami giɓin tunani da ya wuce mantuwar yau da kullum, abin ya zama yana cutar da mai shi ko yana hana shi harkarsa, kada ya kasance cikin al'ada ko ibadar da jama'a suka amince da ita, kada kuma ya zama maye ko wata cutar jiki irin farfaɗiya ce ta jawo shi. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 shi ma ya ware wannan ciwo daga ciwon hawan da ba a nema ba, kowane da babinsa.

Kama da wane ba ta wane

Sharaɗi na huɗu shi ne ya fitar da ɗan bori daga cikin marasa lafiya. Erika Bourguignon ta duba al'ummomi 488 na duniya, ta sami cewa kimanin kashi 52 cikin ɗari suna da wani nau'i na hawan iska da al'ada ta tsara, ba kuwa zai yiwu a ce dukkansu ciwo ne ba. Goɗiyar da ta hau a dandali ta san ranar, ta san makaɗin, ta san za ta sauka. Mai ciwon rarrabuwar kai kuwa ba kiɗa ba shiri, sai dai ta tsinci kanta a kasuwa ba ta san yadda ta zo ba, ko ta ga kaya a ɗakinta ba ta tuna sayensu ba, ko a ce ta faɗi magana ta rantse ba ta faɗa ba. Yawancin masu ciwon ɓoye shi suke yi, saboda kunya da tsoron a ce da su mahaukata ko maƙaryata.

Babban abin da binciken likitoci ya ƙara shi ne batun asali. Kundin 2013 ya ce kimanin kashi 90 cikin ɗari na masu wannan ciwo a Amurka da Kanada da Turai suna ba da labarin cin zarafi ko sakaci da aka yi musu tun suna ƙanana, kuma fiye da kashi 70 na waɗanda suke zuwa asibiti sun taɓa yunƙurin kashe kansu. Bayanin da masu wannan ra'ayi suke bayarwa shi ne, yaron da ake cuta alhali ba shi da wurin gudu, musamman in mai cutar shi ne mai ciyar da shi, yakan gudu ne a cikin kansa, ya ajiye zafin a wani sashe domin sauran ya iya ci gaba da rayuwa. A Afirka ma an ga alamar haka. Binciken da Marjolein van Duijl da abokan aikinta suka buga a 2010 ya gwada mutum 119 da masu maganin gargajiya na Yuganda suka ce iska ta kama su da wasu 71 masu lafiya, aka tarar na farkon sun fi fuskantar munanan abubuwa a rayuwarsu. Bahaushe ya riga ya ce jiki magayi.

Darasin Sumbuka

A ƙarshen 1995 ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare na Jihar Kano suka riƙa faɗuwa suna rawa da sambatu, aka danganta abin ga wata aljana mai suna Sumbuka. Susan O'Brien da Conerly Casey sun rubuta a kan wannan al'amari da yadda ya ƙara wa ruƙiyya farin jini a Kano, a daidai lokacin da bori yake ƙara ja baya, balle bayan an ƙaddamar da shari'a a 2000. Irin wannan faɗuwa ta taro, wadda take yaɗuwa daga ɗaliba zuwa ɗaliba, likitoci sun san ta a makarantu da masana'antu na ƙasashe da yawa, kuma dabam take da ciwon rarrabuwar kai, wanda yake na mutum ɗaya, mai daɗewa.

Abin da ya haɗa su shi ne hanyar tambaya. Sarkin Bori yana neman sanin wace iska ce domin a yi mata kayanta. Mai ruƙiyya yana tambayar muryar sunanta da addininta da dalilin shigarta. Likitan Amurka na 1985 yana tambayar sigogi nawa ne, wane ne babbansu. A duk wuraren uku an sami amsar da ta yi daidai da abin da mai tambaya yake tsammani, a duk ukun kuma hankali ya tafi kan mahayi. Inda abin ya fi muni shi ne wurin da ake ɗaure marar lafiya ko a yi ta bugunsa da nufin azabtar da aljani, alhali jikin da bulala take sauka a kansa na yarinyar ne. An bar jaki ana dukan taiki. In kuwa asalin ciwonta duka ne ko fyaɗe, to an maimaita mata abin da ya raba ta da kanta tun farko.

Kammalawa

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marar lafiya na a kiyaye mutuncinsa. Amma doka ba ta aiki sai ta hannun ma'aikaci, don haka akwai abubuwa huɗu da tarihin nan yake nuna wa shugabar makaranta da ma'aikacin jinya da ɗan sanda da alƙali.

Na farko, a fara da gwajin jiki, domin farfaɗiya da zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa da shaye-shaye duk suna iya sauya murya da hali, kuma suna da magani. Na biyu, a janye taron 'yan kallo, kada a yi ta jan muryar da tambayoyi, a jira mai ita ta dawo hayyacinta a kira ta da sunanta. Na uku, a sami mace mai riƙon amana ta zauna da ita a keɓe, ta tambaye ta abin da yake damunta a gida ko a makaranta, ba tare da sa mata magana a baki ba. Na huɗu, in abin ya ci gaba, a tura ta wurin likitocin ƙwaƙwalwa, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Dawanau. Babu ƙwayar da take warkar da rarrabuwar kai. Maganinsa zama ne na hira da gwani, mataki mataki: a fara raba mai ciwo da abin da yake cutar da shi, sa'an nan a taɓa abin da ya wuce a hankali, daga bisani a taimake shi ya haɗa sassan rayuwarsa. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba sa hana ko ɗaya daga cikin matakan nan, kamar yadda tsarin Lambo ya nuna cewa asibiti da dangi da mai maganin gida suna iya aiki tare.

Yarinyar da aka buga misali da ita a farkon lacca tana iya kasancewa a kowace makaranta tsakanin Wudil da Gaya. Iyayenta suna da ikon kai ta wurin malamin da suka amince da shi. Nauyin da yake kan ma'aikacin hukuma shi ne ya tabbatar likita ya duba ta, ba a ɗaure ta ba, ba a buge ta ba, kuma wani ya zauna ya ji daga bakinta abin da ya same ta.